Baba Lanƙwasa da Bakan Yayansa

Duk wanda ya taɓa raka Baba Ishaya daga unguwarmu zuwa kasuwar Kafanchan ya san ba a ɗora tukunya a jira shi. Ƙafarsa lafiya lau take, allunan shaguna ne ke tsare shi a hanya. Da ya hango allo sai ya ja birki, ya karkata kai gefe guda kamar zakaran da ya ga tsaba, ya zana rabin da'ira a iska da sandarsa, sannan ya ɗaga murya yadda mai shagon zai ji:

"Kai, jama'a! Wa ya yi muku wannan aika-aikar?"

Mai shago ya fito da gudu. "Baba, lafiya?"

"Ina lafiya? Dubi rubutunka, ya miƙe samɓal kamar soja a fareti. Haka za ka tarbi mai saye? Rubutu ma ya kamata ya iya gaisuwa. Ya ɗan rusuna mana!"

Daga nan ya samo sunan Baba Lanƙwasa, kuma ya fi amsa shi da sauri fiye da sunan baftismarsa. Mai rubutun allo ne tun yana saurayi. Motocin citta, allunan makarantu, hatimin ƙungiyoyi, duk abin da ya taɓa sai rubutun ya lanƙwashe. A aljihun kwat ɗinsa kullum akwai ƙusa da zare da guntun alli. An taɓa sauke shi daga bas a hanyar Zonkwa saboda ya hana direba sakat a kan rubutun goshin motar. Ya sauka yana kakkaɓe kwat, yana cewa shi ma dama ba zai ƙarasa tafiya a ƙarƙashin irin wannan abin kunya ba.

Ni ce Rahila, jikar yayansa Bulus. Amarya yake kirana, irin wasan kaka da jika. Kun san ba ni da baki a cikin taro, shi ya sa na rubuta abin da na gani a shekararsa ta ƙarshe, lokacin da ya yi rigima da ikilisiya guda a kan ƙofa.

Bakan da ke saman ƙofar cocinmu, wato ginin nan mai lanƙwasa kamar rabin da'ira, Kaka Bulus ne ya gina shi, domin shi magini ne. Ya rasu ina ƙarama. Baba Lanƙwasa kuma shi ya rubuta a jikin bakan, daga wannan ƙafa zuwa waccan: MARABA DA MAI ZUWA, SALAMA GA MAI TAFIYA. Ruwan damina ya yi ta cin fentin shekara da shekaru, har abin da ya rage bai fi inuwar harufa ba.

Wata Lahadi bayan sujada, Dattijo Markus, shugaban kwamitin gini, ya tashi da sanarwa. Kwamiti ya yanke shawara za a rushe bakan, a zuba lintal, wato miƙaƙƙen kan ƙofa na siminti, a sa ƙofar gilashi, a rataya allon leda bugun inji, wanda ake kira bana, a sama. Bai rufe baki ba Baba ya miƙe.

"Wa zai rushe?"

"Baba, zauna tukuna, za a ba ka dama."

"Na ba kaina. Na ce wa zai rushe ginin yayana?"

Dattijo Markus ya gyara murya. "Baba, rubutun ya goge. Hannunka kuma, to, kowa na gani. Masu buga bana sun ce su a miƙe suke aiki."

"Su miƙe su tafi gidan ubansu!"

Matan Zumunta, ƙungiyar matan cocinmu, suka ce "Ayya, Baba, a cikin coci!" Matasa suka duƙar da kai suna dariya. Fasto ya shiga tsakani, ya ce a ba Baba zuwa bikin godiya na girbi. In rubutun ya koma yadda kowa zai karanta, baka ya tsira. In bai koma ba, kwamiti ya yi aikinsa.

"In bai koma ba," in ji Dattijo Markus, "ni zan fara ɗaga guduma."

"Guduma ta fi ƙarfinka, Markus. Na san ka tun kana yawo ba wando."

Washegari ya fara gwaji a bangon gidanmu. Ya kafa ƙusa, ya ɗaura zare, ya kama alli, amma hannun ya ƙi tsayawa, layin ya fito kamar sawun tsutsa. Da wani mutum ne, da sai ya nemi taimako. Baba sai ya zagaya ta bayan ɗakin girkin Mama Ngozi, maƙwabciyarmu, wadda mijinta marigayi ma'aikacin reluwe ne. Baba bai taɓa sayen abin zana da'ira ba a rayuwarsa. Faranti, bakin bokiti, ƙafar keke, duk abin da ke zagaye a unguwar nan nasa ne. Ranar kuwa babban marfin tukunyar biki ya ɗauko, da zafinsa, ya riƙe shi da gefen kwat.

Ba a jima ba muka ji ihu.

"Chineke! Marfin tukunya na! Baba, miya yana kan wuta, ƙuda ya gama shiga!"

"Madam, aikin Ubangiji nake yi da shi."

"Ubangiji ya ce a ci miya da ƙuda?"

Ta zo ta fizge marfinta, sai idonta ya faɗa kan bangon. Baba ya riga ya rubuta MARABA da buroshi. Ta dubi harufan, ta dube shi.

"Baba, wannan rubutun zazzaɓi yake yi?"

"Fentin zamani ne, ruwa zalla. Buroshin ma na bogi ne. Marfinki kuma ba zagayayye ba ne, ki kai wa maƙeri."

Duk gidan aka yi dariya, har da shi. Da yamma na fito ɗebo ruwa na gan shi zaune shi kaɗai a gindin mangwaro, ya danne hannun dama da na hagu a kan gwiwarsa, yana kallon bangon. Na koma ɗaki ba tare da ruwan ba, na ɗauko kwamfutata.

A kwaleji na koya wa kaina aiki da manhajar gyaran hoto, don ni ake ba tsara sanarwar sashenmu. Na san ana iya ɗora rubutu a kan layi mai lanƙwasa, sai dai ban taɓa yi a gaban mutum ba, balle a gaban Baba. Na zauna a ƙasa kusa da kujerarsa, na buɗe.

"Amarya, mene ne wannan? Fim za ki nuna mini?"

"Baba, duba kawai."

Sai ga Alhaji Sani ya iso. Ɗan kasuwar citta ne, abokin Baba tun ƙuruciya, kullum la'asar sai ya zo sun yi musu a kan abin da bai shafe su ba. Na ɗauki alƙalamin manhajar, na sa ɗigo a wannan gefe, na sa a wancan, na ja tsakiyar layin sama har ya zama baka. Sannan na danna kan layin na fara rubutu. Garin sauri ban lura na faro layin daga dama ba. Ita kuwa manhajar ta inda aka faro layi take bi. Harufan suka fito a ƙarƙashin bakan, kai a ƙasa, ƙafa a sama.

Wayyo, farin cikin da Baba ya yi!

"Alhaji! Matso ka ga jemagu! Madam, bar miyar nan ki zo! Akwatin Amarya ya rataye maraba da ƙafa!"

Alhaji ya gyara tabarau. "Ikon Allah. Ishaya, ai masu shiga cocinku sai sun tsaya da ka kafin su karanta."

Kunnuwana suka yi zafi. Na juya wa layin hanya. Nan take harufan suka hau saman bakan, kowane ya tsaya da ƙafarsa, suka jeru daga hagu zuwa dama. Dariyar ta tsaya. Baba ya matso da kujera.

"Sake yi."

Na sake. Na ja layin ƙasa, harufan suka bi shi. Na ja sama, suka bi.

"To, Ishaya," in ji Alhaji, "me ka ce?"

Baba ya daɗe yana taɓe baki. "Ya iya gaisuwa. Amma gaisuwar ɗan birni ce, ba ta kai ƙasa ba." Ya ɗauki sandarsa. "Gobe za mu auna ƙofar."

Shawarar da muka yi ita ce in tsara rubutun daidai girman bakan, a buga shi a takardu gutsure-gutsure, mu haɗa su, mu manna a bango mu bi sawu. Baba ya auna faɗin ƙofar da zarensa, na raba biyu, na zana rabin da'ira cikakke, wanda ko injiniya ba zai kushe ba. A shagon buga takardu ya ƙi a taɓa sabuwar takarda, sai da na kwaso tsofaffin takardun darasina aka buga a bayansu. Gam ma ya ce ɓarna ne, ya dama sitacin rogo da kansa. Da muka gama haɗawa, gaba maraba ce da salama, baya kuma darasin ilimin halayyar yara.

Ranar Asabar Alhaji ya aiko da tsanin sitonsa, samari biyu daga cikin mawaƙa suka hau suka riƙe takardar. Dattijo Markus ya zo, wai wucewa yake yi, ya tsaya da hannu a baya.

Ɓangaren hagu ya zauna ɗas. MARABA DA MAI ZUWA ta kwanta a tsakiyar filastar kamar a can aka haife ta. Daga waƙafi zuwa dama kuwa sai harufan suka fara zamewa. SALAMA ta leƙa waje, GA MAI ta fita rabi, kalmar ƙarshe kuma tana can a kan bango, ta bar bakan gaba ɗaya.

"Ku ja ta ciki!" in ji Baba. Suka ja, hagu ya ɓaci. "Ku mayar!" Suka mayar, dama ya ɓaci.

Na karɓi zaren na auna daga tsakiyar ƙofa zuwa hagu, na auna zuwa dama. Na sake aunawa, don ban yarda da abin da na gani ba. Kafaɗar dama ta faɗa ciki da kusan tafin hannu. Tun ina goye nake wucewa ta ƙofar nan ban taɓa lura ba. Na matsa kusa da shi, na yi magana ƙasa-ƙasa, ina tsammanin shi kaɗai zai ji.

"Baba, bakan a karkace yake."

Ashe kunnen Dattijo Markus ya fi na zomo.

"Madalla! Mun gode, Rahila, kin taimaki kwamiti. Ga shi daga bakin jikar magini."

Baba ya juyo gaba ɗaya. "Amarya, maimaita."

Bai ma jira in maimaita ba.

"Yayana bai taɓa gina abu a karkace ba. Ku je ku dubi ɗakin Fasto, ku dubi rijiyar makaranta. Akwatinki ne ke da ido ɗaya! Kai kuma Markus, kanka ne a karkace tun haihuwa, ungozoma ce ba ta gaya wa uwarka ba."

"Baba, zagi ba zai miƙar da gini ba. Zan gaya wa leburori su shirya."

"Ranar godiya ba ta zo ba tukuna."

Muka naɗe takardar muka kamo hanya. Baba ya wuce allon mai aski, ya wuce na mai kemis, ya wuce wani sabo fil da aka rubuta da ja a miƙe, ko kai bai ɗaga ba. A nan na gane girman fushin. A gida ya ƙi tuwo, ya ce wa Mama Ngozi ta gaya wa "waccan ɗalibar" ya sake ta.

Na yi kuka kaɗan, ba zan ɓoye ba. Amma awona daidai ne, kuma ban ga dalilin da zan ce ba daidai ba ne. Abin da na yi ta juyawa a raina shi ne, tun da Baba ya taɓa rubutu a wannan bakan har ba wanda ya lura da kafaɗar, to rubutun ne ya bi ginin. Ni kuwa na zana da'irar littafi na ce gini ya bi ta.

Da sassafe, kafin masu sujada su zo, na koma coci ni kaɗai. Na yi alama biyu da alli a ƙafafun bakan don in san awo, na ja benci zuwa tsakiyar fili, na hau, na ɗauki hoton ƙofar daga gaba sosai yadda ba za ta karkace a hoto ba. Na sa hoton a manhaja. A wannan karon ban zana da'ira ba. Na bi gefen filastar da alƙalami, ɗigo bayan ɗigo, ina lanƙwasa kowane yanki har ya kwanta a kan aikin Kaka, da faɗawar kafaɗar da komai. Sannan na ɗora rubutun, na ɗan ɗaga shi daga layin don ya zauna a tsakiyar filasta.

Na sami Baba a gindin mangwaro ya juya mini baya. Na ajiye kwamfutar a kan kujerar da ke gabansa.

"Baba, ban ce komai a kan ginin Kaka ba. Akwatin na ce wa ya bi shi."

Ya duba ta wutsiyar ido. Ya juyo. Ga ƙofar cocinmu a fuskar kwamfuta, ga rubutun a jikinta daga ƙafa zuwa ƙafa, ba harafin da ya leƙa waje.

"Kin gani ba? Da aka kai shi gaban yayana ai ya yi hankali." Ya ɗaga murya. "Madam! Na mayar da matata. A kawo tuwon jiya."

Kada ku ɗauka aiki ya ƙare a nan. Daga ranar kullum da rana muna gindin mangwaro, yana nuna harufa da bakin sanda, har sai da na ɗaure wa sandar hankici don kar ya fasa mini gilashi. A inda kafaɗar ta karye da sauri, kawunan harufa sun baje, ƙafafunsu sun cukuɗe.

"Dubi G da A ɗin nan, kamar masu gaba. Matso da su. Kai, ba haka ba, yanzu sun zama masu gulma! Mayar kaɗan."

"Baba, a nan ne layin ya fi lanƙwashewa."

"A nan ne yayana ya yi wa ginin kwalliya. Rage wa M ciki."

Manhajar ta raba rubutun daidai a tsawon layi, sai waƙafin ya faɗa gefe. Baba ya ce waƙafi a ƙoƙon kan baka yake zama, ko awo ya so ko ya ƙi. Na tura rubutun a kan layin har ya hau can, na ja baya na duba, na ga gaskiyarsa. Amma da ya ce in ƙara wa harufan girma yadda mai tahowa daga Manchok zai karanta tun daga kwana, na gwada na ga ba za su shiga ba.

"Ƙara."

"A'a, Baba."

Alhaji ya ajiye kofin shayinsa. Mama Ngozi ta leƙo ta taga. A gidan nan ba a taɓa jin na ce wa ko kaza a'a ba.

"Me kika ce?"

"Na ce a'a. In na ƙara, kalmar ƙarshe za ta sauka a kan dakali. Ga shi, duba."

Ya duba, ya yi tsaki, ya tashi ya shiga ɗaki. Washegari na ji shi yana gaya wa Fasto cewa yarinyar ta so ta cika girman harufa, shi ne ya taka mata birki.

Aka sake bugawa, a bayan wasu darussan. Matan Zumunta suka zauna da allurai suna huhhuda gefen kowane harafi, suna waƙa. Dabarar Baba ce ta tun da: a manna takardar a bango, a cika tsohuwar safa da garin gawayi a bubbuga, in an cire takarda sai ga harufan a ɗige-ɗige. Safar tasa ce, kuma ya ce a mayar masa in an gama. Wannan karon takardar ta zauna daga ƙafa zuwa ƙafa.

Saura fenti. Samari suka yi ta miƙa hannu, Baba ya kore su ɗaya bayan ɗaya, wai hannunsu na buga ganga ne.

"Amarya za ta hau."

Ni da ko karatun Littafi a sujadar matasa gudunsa nake yi, ni zan hau tsani a bakin titi? Kafin in sami bakin ƙi, Mama Ngozi ta dawo da tsohuwar rigar aikin mijinta ta reluwe, mai haɗe da wando, ta zura mini, ta nannaɗe hannuwa da ƙafafu.

"Hau, 'yata. In kin faɗo, a kaina za ki faɗo."

Sai ga Dattijo Markus. "Baba, haba! Mace a kan tsani, da wando, a ƙofar ɗakin Ubangiji? Me mutane za su ce?"

Baba ya miƙa masa buroshi. "To hau kai."

Dattijo ya dubi tsanin Alhaji, ya dubi tumbinsa. "Ni shugaban kwamiti ne."

"To kwamiti ya riƙe tsani."

Jama'a, ya riƙe! Ko kunyar matan Zumunta ce, ko tsoron kar in faɗo a ce shi ne, oho. Ya kama tsanin da hannu biyu, ni kuma na hau. Baba ya kafa kujera a tsakiyar fili yana ba da umarni kamar mai tuƙa shanu.

"Kar ki cika buroshi! Ja daga sama! Numfasa mana, Amarya, wa ya ce ki mutu? Markus, tsanin na motsi, ko ba ka karya ba?"

Masu acaɓa suka tsaya kallo. Wata mai wucewa da itace ta ce 'yar wa ce wannan, Baba ya ce tasa ce, ta wuce ta ba mutane wuri. Wajen harafi na uku na daina jin su. Ɗige-ɗigen gawayi kawai nake gani da shuɗin fenti. Kwanaki muka yi a haka, kuma kullum Dattijo Markus sai ya zo wucewa ya ƙare da tsani a hannu.

Harafin ƙarshe, A ta TAFIYA, yana ƙasa a ƙafar dama, inda mutum zai kai in ya taka benci. Na tsoma buroshi ke nan Baba ya ce, "Sauko. Wannan nawa ne."

Ba wanda ya yi musu. Alhaji ya kama shi ta dama, Mama Ngozi ta hagu, suka ɗora shi a benci. Ya riƙe buroshin da hannu biyu. Ya ja ƙafa ɗaya, ya huta, ya ja ɗayar, ya ɗaura mata ɗamara. Ta fito, ana karanta ta sarai, sai dai gefenta duk ƙananan tudu da kwari.

Dattijo Markus ya matso ya duba. "Baba, wannan A ɗin rawa take yi."

"Bikin godiya ne, Markus. Wanda bai yi rawa ba shi ke da matsala."

Ranar bikin aka shigo da doya da citta da buhunan masara ta ƙarƙashin bakan, wani ma da akuya, kowa sai ya ɗaga kai kafin ya shiga. Da Fasto ya nemi jin ta bakin kwamiti, Dattijo Markus ya tashi ya ce kwamiti ya sake nazari, ya ga bakan yana da tarihi, kuma dama shi tun farko bai so a taɓa shi ba. Baba kuwa tari kawai ya yi, irin wanda ake ji har bencin baya.

Bayan Ista jikinsa ya ƙi. Wata rana da hantsi ya ce in kawo akwatin. Na buɗe masa aikin. Ya ce in cire harufan, na cire. Ya ce in cire hoton ƙofar ma, na cire. Ba abin da ya rage sai siririn layin nan shi kaɗai a farin fili, ya hau ta hagu, ya sauko ta dama da 'yar faɗawarsa. Ya sa yatsa yana bi, yatsan na rawa, har ya zo kafaɗar ya tsaya.

"Amarya, in fenti ya sake gogewa, da wannan za ki yi. Kar ki bar kowa ya gyara shi."

"Ba zan bari ba, Baba."

"Ranar da aka ɗora bulo a nan, ni ke riƙe da katakon wannan gefen. Rina ce ta harbe ni a wuya, katakon ya goce." Ya danna yatsan a kan kafaɗar. "Bulus ya gani. Har ya mutu bai gaya wa kowa ba, ko matarsa."

Ya janye yatsan, ya gyara kwanciya, ya harare ni da ido ɗaya.

"Amma ba a karkace yake ba."

"Ba a karkace yake ba, Baba."

Bai ce in ɓoye ba, shi ya sa na gaya muku. Ubangiji ya ba Baba Ishaya hutawa, ya kwantar masa da hannun nan da ya gaji, ya sada shi da yayansa cikin salama. Mu da muke shiga ta ƙofarsu kuma, Allah ya ba mu haƙuri da juna irin nasu. Amin.